Denis Law ko Kenny Dalglish: wa magoya baya suka fi riƙewa a zuciya?

Kowannensu ƙwallo 30 ya ci wa Scotland, amma Law a wasa 55 ya haɗa nasa, Dalglish kuwa sai da ya buga 102. Tun daga nan gardamar ke tashi.

'Yan Liverpool ba sa manta daren Wembley na 1978, lokacin da Dalglish ya ɗaga ƙwallo ta kan mai tsaron ragar Club Brugge suka ɗauki Kofin Turai. Sau uku ya ɗaga kofin nan. Law kuwa yana jinyar gwiwa sa'ad da ƙungiyarsa Manchester United ta ci nata a 1968.

Duk da haka ni Law na fi so. Shi kaɗai ne ɗan Scotland da ya taɓa samun Ballon d'Or, kyautar gwarzon ɗan ƙwallo na shekara, a 1964. Kuma tsofaffin magoya bayan United har yau suna zancen 1974: sanye da rigar Manchester City ya zura wa tsohuwar ƙungiyarsa ƙwallo da dunduniya, ya ƙi yin murna, ya fice daga fili kansa a sunkuye. A kakar ce United ta faɗa rukuni na biyu.