Jirgin ya ci kuɗinsa, tikitin ne ya yi mini ƙarya

Masu ta tambayata ko jirgin ruwan shaƙatawar da muka hau ni da Hajiya daga Dubai ya ci kuɗinsa, ga amsa a taƙaice: jirgin ba shi da laifi, amma farashin da aka nuna mana tun muna Yauri ba shi ne farashin tafiyar ba. Har yau in na tuna takardar da aka turo mana ta ƙarƙashin ƙofa a daren ƙarshe, sai raina ya ɓaci.

Babban yaronmu da ke aiki a Abuja ne ya jera mana farashi kala uku a waya. Na farko na manyan kamfanonin Amurka ne, irin su Royal Caribbean da Norwegian, masu tashi daga Basalona su zagaya Bahar Rum lokacin zafin Turai. Nan take muka ajiye shi, don sai da bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai, kuma mai koren fasfo ya san wahalar da ke cikinta. Na biyu shi ne jirgin Saudiyya da ke tashi daga Jidda. Na uku na wani kamfanin Turai ne da ke kawo jirginsa Tekun Fasha lokacin hunturu, ya yi mako guda yana zagaya Dubai, Abu Dabi, tsibirin Sir Bani Yas, Doha da Bahren. Shi ne mafi araha nesa ba kusa ba, kuma ejan ɗin da ya yi mana hidimar biza ya rantse mini cewa ci da sha da kwana duk suna ciki. Kalmar da ya faɗa ke nan: "Alhaji, ko sisi ba za ka ƙara ba, sai in tsaraba za ka saya." Ban ambaci sunansa ba, ban kuma ambaci kamfanin ba, don ba tonon silili na zo yi ba.

A cikin jirgin ba a taɓa kuɗi da hannu. Katin da ke buɗe maka ɗaki shi ne jakarka. Ranar shiga za su sa ka haɗa shi da katin banki ko ka ajiye tsabar kuɗi, daga nan duk abin da ka ɗauka sai ma'aikaci ya karɓi katin ya goga, ya yi murmushi, ya mayar maka. Ba ka ganin abin da ke fita, shi ya sa ba ka jin zafinsa. Daren da za mu koma tashar Mina Rashid ta Dubai, Hajiya na haɗa kaya, sai ga takarda shafi biyu. Na sa tabarau na fara karantawa, layin farko kuɗin hidima, na biyu kuɗin hidima, haka kowane dare, nawa daban nata daban. A jiragen wasu kamfanonin Turai wannan kuɗi yana kai Yuro 11 zuwa 12 a kan kowane baligi a kowane dare, wato mutum biyu a mako guda ya haura Yuro 150 tun ba ku sha ko shayi ba. Na Amurka ma ya fi haka, dala 16 zuwa 20 ne a rana. To ka buga shi da canjin da ake yi yanzu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ruwa. A babban ɗakin cin abincin dare, inda ake zaunar da ku a tebur a kawo muku faranti bayan faranti, duk daren duniya wani yaro zai zo da kwalbar ruwa ya buɗe ya zuba mana, ya karɓi kati. Na ɗauka lambar tebur yake rubutawa. Ashe kowace kwalba da kuɗinta, sannan an ɗora kashi 15 cikin 100 a kai, shi ma wai na hidima, bayan wancan na kullum. Hajiya ta karɓi takardar ta duba, ta ce, "Alhaji, ruwan sha ne fa. Ruwan sha." Ba ta ƙara cewa komai ba, ta ci gaba da ninke kaya, ni kuwa na sa hula na sauka wurin masu karɓar baƙi.

Layi na tarar har ya lanƙwasa, Indiyawa, Rashawa, Larabawa, kowa da irin takardata a hannu. Da layi ya zo kaina, yarinyar ta saurare ni da ladabi, wannan ba zan ƙwace mata ba. Ta juyo da allon kwamfutarta ta nuna mini sharuɗɗan da aka ce na amince da su ranar da aka biya kuɗi, rubutu ƙanana kamar tururuwa, sharuɗɗan da ejan bai taɓa turo mini ba. Na ce mata an gaya mini sha yana ciki. Ta ce akwai ruwa kyauta a famfon da ke wurin ɗebi-da-kanka a hawa na sama, da shayi da kofi na inji, amma duk abin da ya zo a kwalba ko gwangwani na kuɗi ne. Na ce to me ya hana yaron ya faɗa mana tun daren farko? Ta ce yana rubuce a bayan takardar abinci. Na tambaye ta ko za a cire kuɗin hidimar, ta ce irin tikitin da aka yanka mana ba ya ba da dama. Ko ƙwandala ba ta rage ba. Wallahi ji na yi kamar an sayar mini da rago a kasuwa, na kama hanya, sai dillali ya biyo ni ya ce igiyar wuyansa kuɗinta daban.

Ga intanet kuma. Shi dai na san na kuɗi ne, amma kuɗin na waya ɗaya ne tak, in Hajiya za ta gaisa da jikoki sai na fita ta shiga. Ga kuɗin motar yawo a Abu Dabi. A teburin shirya yawon suka nuna mana kamar samun tasi a tasha wani jan aiki ne, muka biya kuɗi mai kauri aka kai mu Masallacin Sheikh Zayed a bas. Muna isa muka ga wasu da muke tebur ɗaya da su sun riga mu, a tasi suka zo, kuma shiga masallacin kyauta ne, rajista kawai ake yi. Mu an ba mu lokaci ƙayyadadde ana kaɗa mana tuta, su kuwa suka zauna har suka yi Magariba a can. A Doha ban yarda ba, tashar jirgin ba ta da nisa da kasuwar Souq Waqif, muka tafi da kanmu, Hajiya ta sayi turare da dabino a natse. Da na tara komai, abin da muka ƙara a kan tikitin ya ci babban kaso na bambancin da ya sa muka zaɓe shi tun farko.

Duk da haka zan yi adalci, don akwai abin da ya sanyaya mini zuciya, kuma a kan kuɗin hidimar nan ne. Yaron da ke gyara mana ɗaki ɗan Indunusiya ne, Musulmi. Ya ga darduma a kan kujera tun ranar farko, bai ce komai ba, da yamma sai ya ƙwanƙwasa ya kunna mana talabijin, ya kai tashar da ke nuna taswira da inda hancin jirgin ya dosa. Ya ce, "Baba, waya tana rikicewa a nan saboda ƙarfe, ka duba wannan kafin ka tayar da salla." Kullum da safe in jirgi ya tsaya, sai mu tarar da ƴar takarda a kan tebur, ya zana kibiya da biro ya rubuta alƙibla. Ya ware mana tawul guda na alwala ba tare da mun roƙa ba. Da muka yi hira ya ce kwantiraginsu wata shida zuwa tara ne, babu ranar hutu cikakkiya, kuma kuɗin hidimar da ake cira yana cikin abin da ake biyansu da shi, su da masu wanki da masu wanke-wanke da ba ma ganinsu. Tun daga nan na daina ganin kuɗin a matsayin ƙwace. Yaron nan ya cancanci fiye da haka, har na ƙara masa da hannuna ranar sauka. Laifin yana kan wanda ya ɓoye shi daga farashi don tikiti ya yi kyau a talla.

Sai maganar tsaro, wadda a wurina ta fi abinci da kiɗa da duk wani ƙyale-ƙyale. Kafin jirgi ya motsa sai da aka tabbatar kowa ya san wurin taruwarsa, aka goga katin kowa, aka nuna yadda ake ɗaura rigar kariya, aka busa ƙahon gaggawa don mu san muryarsa. Wani dattijo ya yi zamansa a ɗaki, aka yi ta kiran lambarsa a lasifika har ya fito. An tsaurara wannan doka ne bayan jirgin Costa Concordia ya bugi dutse a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya a Janairun 2012, mutum 32 suka rasu. Ina tsaye a wurin hawaye suka zo mini, don ni ɗan bakin ruwa ne. Na tuna jirgin da ya kife a Warra, ƙaramar hukumar Ngaski, a watan Mayun 2021, aka yi kwanaki ana tsamo bayin Allah, mata da ƙananan yara, babu rigar kariya, babu ma cikakken lissafin waɗanda ke ciki. Allah ya jiƙansu da rahama. A kan wannan kaɗai, da an ce mini wani kaso na kuɗina can ya tafi, ba zan yi jayayya ba.

Abinci kuwa ba a magana, yawa da tsafta. Naman ne ban samu natsuwa da shi ba, wani ma'aikaci ya ce halal ne, wani ya ce bari ya tambayo, bai dawo ba. Muka tsaya kan kifi da shinkafa da ganye, kuma mutumin Yauri ba ya ƙin kifi.

Amma ina rubuta wannan sai ɗakin ya faɗo mini a rai, raina ya sake ɓaci. Ɗakunan jirgi hawa-hawa ne a farashi: na ciki marar taga, mai taga, mai baranda, sai na manya. Ejan ya yanka mana na ciki, ya ce duk ɗaya ne, barci kawai za mu yi. Ba ɗaya ba ne. A ɗaki marar taga in ka kashe fitila ba ka san dare ba ba ka san rana ba, Asuba sai dai ƙararrawar waya. Ka biya kuɗi ka zo ganin teku, a rufe ka a inda ba ka ganinsa! Ba a ware wurin salla na dindindin ba, kuma hanyar da ta fi kusa daga ɗakinmu zuwa wurin cin abinci ta ratsa gidan caca da mashaya. Hajiya ta gwammace mu hau sama mu zagaya, ga ta da ciwon gwiwa. A nan ne na gane dalilin arahar. Irin waɗannan kamfanoni suna sauke tikiti ne don su ci riba a giya, caca, yawon gari da shaguna. Hatta garaɓasar da suke tallatawa ta sha-iya-shanka, an auna ta ne da mai shan giya, kuma in ɗaya ya saya, dole wanda suke ɗaki ɗaya shi ma ya saya. Ni da Hajiya me za mu yi da ita?

Bayan mun dawo, surukina na Birnin Kebbi ya zo yi mana barka da zuwa, shi kuma ya hau na Jiddan bayan ya gama Umara. AROYA sunansa, mallakar Saudiyya, ya fara aiki a Disambar 2024, yana zagaya Bahar Maliya har Aƙaba ta Jodan da Sharm El Sheikh ta Masar. Babu giya, babu caca, abinci halal ne, ga wuraren salla na maza da na mata. Muka baje takardunmu a kan tabarma muka raba kuɗin kowa da yawan darensa. Tikitinsa ya fi nawa tsada a kowane dare, amma da na ɗora kuɗin da na ƙara, tazarar ta tsuke sosai. Ya ce, "Yaya, ni ban taɓa tambayar kowa wane nama ne wannan ba." Wannan natsuwar ba ta fitowa a lissafi, kuma da ita Hajiya ta fi damuwa. Akwai kuma na masu hannu da shuni, irin su Regent Seven Seas da Silversea, da ke haɗa kuɗin hidima da abin sha cikin tikiti tun farko. Farashinsu ya ninka namu sau da yawa, kuma kaso mai yawa na abin da suka haɗa ɗin giya ce mai tsada, don haka ban ga ribar Bahaushe a ciki ba.

Wanda zai je, ya sa ejan ya rubuta masa a takarda: kuɗin hidima na ciki ko babu, ruwa, intanet, harajin tasha, da irin ɗakin. Ya sani farashin talla na mutum ɗaya ne bisa sharaɗin ku biyu ne a ɗaki, in kai kaɗai ne za ka biya kusan ninki. Ya kuma duba bizarsa da idonsa, don jirgin da ya fita Doha ko Aƙaba ya dawo, shiga ƙasa ce sabuwa, biza mai shiga sau ɗaya ba za ta yi ba, kuma a tasha ake mayar da mutum da akwatinsa.

Hajiya ta ce in Allah ya kai mu Umara mai zuwa, na Jidda za mu gwada, kuma ɗaki mai taga ko ta zauna a Makka ta jira ni. Shi kuwa ejan na tura masa hoton takardar nan shafi biyu tun muna filin jirgin sama na Dubai. Alamar ya karanta ta fito, amsa ce har yau ba ta zo ba.