Sam Cooke na coci ko Sam Cooke na dandali?

Mai son jin Sam Cooke, mawaƙin nan baƙar fata ɗan Amurka da ya faro da waƙoƙin coci kafin ya koma na dandali, da wanne zai fara? Na farko ɗan fasto ne da ya tashi a Chicago, ya shiga ƙungiyar waƙoƙin bishara ta Soul Stirrers a 1950. Muryar nan ɗanya ce, yakan ja kalma guda ya lanƙwasa ta har jama'ar coci su miƙe tsaye. Ni dai nan kunnena ya fi karkata.

Na biyun ya ɓullo a 1957 da "You Send Me", wadda ta kai lamba ɗaya a jadawalin waƙoƙi na mujallar Billboard. Kafin nan ya saki waƙar soyayya da sunan Dale Cook don kada mutanen coci su gane shi. Ina! Murya ta tona asiri. Wannan Cooke ɗin ya fi santsi, wani lokaci kiɗan goge ya yi masa yawa, amma shi ne ya kafa kamfanin faifai na SAR, ya kuma rera "A Change Is Gonna Come" bayan wani otal a garin Shreveport na jihar Louisiana ya hana shi ɗaki saboda launin fatarsa. An harbe shi har lahira a Los Angeles a Disamban 1964, yana da shekara 33.