Shayin rage tumbi: ban ba shi ko tauraro ɗaya ba

Wallahi na yi nadamar siyan shayin nan da ake ta talla a Instagram. Ƙanina na siya wa saboda abokai sun ishe shi da tsokanar tumbi, ashe filasko ne a ciki, gudawa kawai yake sa mutum, ruwan jiki ke fita ba kitse ba. Yaron nan ya koma sha kofi 3 a rana, ya ci tuwo yai nak sai ya shige banɗaki ya sa yatsa a maƙogwaro, Umma ce ta jiyo shi. Likita ya ce bulimiya ce, wato larurar da mutum zai ci abinci da yawa sannan ya tilasta fitar da shi ta amai ko gudawa don tsoron ƙiba, kuma maza ma na yi, ɓoyewa suke don kunya. Mai sayarwar da na kira cewa yai wai a ƙara yawan shan.