GARGAƊI: ana sayar da EP4CE22 na bogi a WhatsApp

Masu haɗa inbata da allunan sarrafa injina, akwai wani mai tallan FPGA (guntun lantarki da ake tsara da'irar cikinsa yadda ake so) a guruf-guruf, ku kiyaye shi. Cewa yake Altera Cyclone IV EP4CE22 ne, mai ƙafa 144. Guda 20 a kan naira 360,000, dubu 18 kowanne. Abin da ya iso EP4CE6 ne, an kankare bayansa, an shafa baƙin fenti, an buga sabuwar lamba.

Kuma kada wani ya ce mana araha ce ta ja mu. Samfur ɗaya ya fara turowa, aka ɗora a allo, aka jona USB-Blaster (kebul ɗin da ke haɗa allon da kwamfuta), manhajar Quartus ta karanto 0x020F30DD, lambar shaidar EP4CE22. Na gaske ne. Ya ce, "Injiniya, wallahi duk daga kwali ɗaya suke, sababbi dal." Daga kwali ɗaya! To me ya rage a gwada kafin a tura dubu 360?

Ai ba don ado ake biyan kuɗin FPGA ba. So ake siginar PWM (ta kunna wuta da kashe ta da sauri) shida ta gadar layi uku ta fita lokaci guda, ɗan jinkirin da ke hana MOSFET (makunnin lantarki) na sama da na ƙasa buɗewa tare ya zauna daram a bugun agogo, kariya ta yanke wuta nan take ba sai wani umarni ya gama ba, gobe kuma a sauya tsari ba tare da buga sabon allo ba. EP4CE22 yana da ƙwayoyin lissafi 22,320 da PLL (masu sarrafa bugun agogo) huɗu. Wannan da ya ba mu 6,272 ne, PLL biyu. Tsarinmu ko shiga ba ya yi. Ƙafafun ma ba su dace ba, wasu da allon ke ba wuta a kan ƙaramin na sigina ne.

Ya toshe lambarmu. A'a, sai da ya fara cewa kebul ɗinmu ne, bayan an tura masa hoton 0x020F10DD, lambar da sauran suka nuna, wadda ba ta EP4CE22 ba ce. Asiton da aka goga da auduga ma baƙi ƙirin ya fito, amma lokacin an riga an narka dalma a kan wasu. Dubu 360, da "wallahi" a bakinsa. Hotunan hirar da rasit ɗin banki suna nan tafe.

Kada ku yarda da samfur. Ku zaro da kanku daga cikin tarin, ku goga asiton, ku karanta lambar JTAG, wato lambar shaidar da Quartus ke karantowa, sannan kuɗi.