Zanzibar, Maldives, Mauritius ko Seychelles: wane tsibiri ya dace da tafiyarka?

Wanda ya fara neman tsibirin da zai je hutu a Tekun Indiya, hotuna ne ke fara ruɗa shi. Farin yashi, shuɗin ruwa garau, bishiyar kwakwa ta sunkuya a bakin gaɓa. A hoto, Zanzibar da Maldives da Mauritius da Seychelles kamar an tsaga kara. Sai ka sauka, ka kwana biyu, idonka ya ƙoshi da kallon ruwa, sannan bambancin zai fito: me za ka ci, ina za ka yi sallar Juma'a, ina za ka kai yara idan sun fara ƙosawa, kuma nawa ya rage a aljihu. A kan waɗannan nake so mu auna tsibiran nan huɗu.

Kafin komai, fasfonka ne zai fara yi maka zaɓi. Maldives tana ba baƙo bizar kwana 30 kyauta a filin jirgi, muddin yana da tikitin komawa da shaidar masauki. Tanzaniya kuwa, wadda Zanzibar ke cikinta tun haɗewar 1964, ta daɗe tana sa masu fasfon Najeriya da na Nijar cikin waɗanda sai sun nemi biza tun daga gida, kuma amsar kan ɗauki makonni. Seychelles tana neman kowa ya cike takardar izinin shiga ta intanet kafin ya tashi, kuma a 2023 ta tsaurara wa masu fasfon Najeriya da ke zuwa yawon buɗe ido. Don haka kada ka biya kuɗin otal da ba a mayarwa sai izini ya shigo hannunka. Katin rigakafin zazzaɓin shawara kuma ya zama yana tare da fasfo, domin daga ƙasashenmu ake tashi, ana iya tambayarsa a kowace ƙofa.

Idan tafiyar farko ce, kuma da iyali, Zanzibar nake fara ambata. Dalilina shi ne gari ne mai rai, ba bakin ruwa kaɗai ba. Kusan duk mutanen tsibirin Musulmi ne, kiran salla kake ji ta ko'ina, ba kuma sai ka tsaya tambayar yadda aka yanka naman da ke gabanka ba. Tsohon garin, Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, lunguna ne matsattsu da manyan ƙofofin katako masu sassaƙa, irin wurin da mutumin cikin birnin Kano ko Zinder ba zai ji baƙunta sosai ba. Kunnenka ma zai riƙa tsintar kalmomi a Suwahili: habari da labari, sabuni da sabulu, Alhamisi da Alhamis. Yaro ya gaishe da babba ya ce shikamoo, a amsa masa da marahaba. Da magariba a lambun Forodhani ana jera tebura ana gasa kifi da jatan lande, ana matse rake da citta da lemun tsami a gabanka. Da rana za a iya kai yara gonakin kayan yaji su ga kanumfari da kirfa a jikin bishiyarsu, ko dajin Jozani wajen jajayen birai, ko tsibirin Changuu wajen manyan kunkuru. Akwai kuma wurin da ya kamata babba ya tsaya ya yi shiru, wato inda kasuwar bayi take, wadda aka rufe a 1873 aka gina coci a filinta.

Abin da dillalan tafiya ba su cika faɗa ba shi ne janyewar ruwa. A gabashin tsibirin, su Paje da Jambiani, za ka tashi da safe ka tarar teku ya ja baya can nesa, sai jiƙaƙƙen yashi da ƙananan kududdufai, mata sanye da zanen da suke kira kanga sun duƙufa a gonakinsu na ciyawar teku, suna ɗaure ta a igiyoyi tsakanin turaku. Abin kallo ne mai kyau, amma wanda ya zo don iyo sai ya jira sa'o'i kafin ruwa ya dawo. Mai son ya shiga ruwa duk lokacin da ya ga dama ya nufi arewa, Nungwi ko Kendwa, sai dai can an fi hayaniya da kaɗe-kaɗen dare. A guji Maris zuwa Mayu, lokacin babbar daminarsu ke nan. A sa a lissafi inshorar dole ta dala 44 da aka fara karɓa daga kowane baƙo a Oktoban 2024. Kuma a cikin tsibiran huɗu, nan ne kaɗai ake kama zazzaɓin cizon sauro, don haka a kwana cikin gidan sauro kamar a gida.

Maldives wata duniya ce daban. Tsibirai ne na murjani kusan 1,200, ƙanana, ba tudu ba dutse, mafi yawansu a ƙafa za ka zagaye su kafin shayi ya huce. Muna da tsohuwar alaƙa da su da ba kowa ya sani ba: kuɗin wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwar Kurmi, asalin mafi yawansa daga ruwan Maldives aka kwaso shi, sai a ƙarni na 19 aka cika kasuwa da na gaɓar Zanzibar. Ƙasar Musulunci ce tun 1153, Ibn Battuta ma ya taɓa yin alƙalanci a can.

Amma Maldives iri biyu ce, kuma nan ne mutane ke yin kuskure. Akwai tsibiran otal, inda otal guda ya mallaki tsibiri guda, da ɗakunan nan da aka kafa a kan ruwa. A can ana sayar da giya, shigar baƙi kuma irin ta Turai ce, kada sunan ƙasar ya sa ka zaci akasin haka. Ba kasuwa, ba wani gidan abinci a waje, ko ruwan sha a farashin otal za ka saya. Kuɗin ɗakin da ka gani a intanet ba shi ne ƙarshe ba, domin akwai haraji, da kuɗin hidima, da harajin muhalli na kowane dare, sannan kuɗin kai ka tsibirin. Idan da nisa, ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa ne zai ɗauke ka, wanda kujerarsa ke cin ɗaruruwan daloli, kuma ba ya tashi da dare. Wanda jirginsa ya sauka bayan la'asar sakaliya yana iya kwana a Male, babban birnin ƙasar, ba da shirinsa ba.

Sai kuma tsibiran da 'yan ƙasa ke zaune, irin su Maafushi, inda aka halatta buɗe ƙananan masaukai tun 2009. Ruwan ɗaya ne, kifayen ɗaya ne, kuɗin kuwa ba su kama ƙafar na otal ba. Ba giya, ba naman alade, akwai masallaci, da safe a kawo maka mas huni, wato kifin tuna da kwakwa da albasa da barkono, a ci da gurasarsu mai laushi. Ango da amarya masu son kaɗaici da sutura, nan nake tura su, tsakanin Disamba da Afrilu lokacin da sama ke washewa. Masu yara ƙanana kuwa su yi tunani sau biyu, don bayan ruwa da yashi babu wani abin yi mai yawa.

Mauritius ita ce ta masu son su ɗauki mota su yi ta yawo. Tsibiri ne babba, tsawonsa kusan kilomita 65, da tituna masu kyau, da gonakin rake, da tsaunuka, da manyan kantuna da asibitoci. Ana tuƙi ta hannun hagu, wanda ya saba da titin Kano ko Yamai ya kiyaye. Kusan rabin jama'ar mabiya addinin Hindu ne, Musulmi kuma suna da yawa, ga Masallacin Jummah a tsakiyar Port Louis tun wajajen 1850, abincin halal ba ya wuyar samu. A bakin titi ka sayi dholl puri, wata gurasa mai niƙaƙƙen wake a ciki, da zafinsa da ɗan canjin aljihu. Akwai ƙasa mai launi bakwai a Chamarel, da dutsen Le Morne inda bayin da suka gudu suka riƙa ɓuya. Janairu zuwa Maris lokacin mahaukaciyar guguwar teku ne. Yuni zuwa Agusta kuma akwai sanyi-sanyi da iska, musamman a gabas, sai a kama ɗaki a yamma ko arewa, wajen Flic en Flac ko Grand Baie. Mai tafiya da dattijo ko mai lalurar da ke buƙatar likita kusa, wannan ce tasa.

Seychelles ta fi su kyau a idona, ta kuma fi su cin kuɗi a abinci da sufuri. Manyan duwatsu a bakin ruwa a La Digue, inda keke ne abin hawa, da dajin Vallée de Mai a Praslin mai kwakwar da ƙwallonta ya fi na kowace bishiya girma a duniya. Daga Mahé, babban tsibirin, zuwa Praslin kusan sa'a guda ne a jirgin ruwa, kuma daga Mayu zuwa Satumba teku kan yi tashin da ke juya ciki. Musulmi kaɗan ne, akwai masallaci a Victoria, babban birnin da ke Mahé, amma da ka bar babban tsibirin, kifi ne zai zama abincinka. Ga kuma batun izinin shiga da na ambata.

Hanya ma tana da nata hukuncin. Daga Kano ko Abuja ko Legas, Ethiopian Airlines na bi ta Addis Ababa zuwa Zanzibar da Seychelles. Maldives sai an zagaya ta Doha ko Dubai, Mauritius kuma an fi samunta ta Nairobi ko Dubai. Wanda hutunsa bai wuce mako guda ba ya lissafa cewa kwana biyu na hanya ne, ragowar biyar ɗin kuma ba su isa a raba wa tsibirai uku na Seychelles ba, amma sun isa dare biyu a Stone Town da dare uku a Kendwa.