Kashin shanu ko sufa: wanne zai ba gyaɗa fosfaras?

Malam, kan tambayarka ko ka kai kashin shanu gonar gyaɗa ko ka sayi sufa, wato takin zamani mai fosfaras (ɗaya daga cikin sinadaran da shuka ke ci a ƙasa): ka ɗauki kashin shanu, amma wanda ya daɗe a turke ya ruɓe, ya yi baƙi, yana marmashewa a hannu ba ya wari.

Fosfaras ɗin da saniya ta ci a ciyawa da harawa kusan duk a kashi yake fita, fitsarin kuwa ya fi ɗaukar naitirojin da fotash. Shi ya sa takin turke, inda suka cakuɗe dabbobi suka tattake, ya fi busasshen kashin da yara ke tsintowa a daji. Kuma ba lokaci ɗaya yake sakin abin da ke cikinsa ba. Wani kaso yana narkewa da ruwan farko, sauran sai gara da ƙananan halittun ƙasa sun cinye takin sannu a hankali. Don haka gonar da ta sha taki bana, baɗi ma za ka ga geron da ya biyo baya ya yi kyau daidai gurbin da aka jibge mangala. A ƙasa mai yashi irin tamu ta Jigawa, yana kuma riƙe laima.

Inda ake asara shi ne a bar shi tsibi-tsibi a gangare har ruwan sama ya sauka da ƙarfi. Kason nan mai saurin narkewa zai bi ruwa ya tafi kwari. Ka baza shi gab da huɗa, garma ta rufe shi cikin kunya, domin fosfaras ba ya tafiya nesa a ƙasa, sai saiwa ta je ta same shi. Tan 3 zuwa 5 a hekta ya yi. In bai kai haka ba, kar ka watsa shi gona duka, ka zuba a layin shuka. Ɗanyen kashi kuwa ka bar shi, zai cika maka gona da ciyawa.

Sufa dai ba laifi, tana aiki da wuri, kuma buhu mai kilo 50 sai an tara kusan tan guda na taki ko fiye kafin a kamo fosfaras ɗinsa. Amma ba ta gyara jikin ƙasa, in kuma aka watsa ta a sama bayan tsiro, kuɗi ne aka zubar.

Ka yi hattara da masu kawo taki a amalanke. Wasu rabin kayan yashi ne da sharar bola. Ɗebi hannu ɗaya daga ƙasan lodin, ba daga sama ba, ka jefa a bokitin ruwa ka motsa: yashin zai kwanta ka gan shi. Buhun sufa ma duba ɗinkin bakinsa, in an farke an sake ɗinkewa, kar ka biya.