Wasiƙa daga Bronx zuwa Aboabo: naman sa a tukunyar lantarki, ba fulawa

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigida da yara. Ga amsar abin da kika tambaya: ko tukunyar lantarkin nan da ake barin nama a ciki tun safe har yamma za ta yi muku aiki a Kumasi, da kuma yadda za a riƙa yi wa yarinyar da likita ya hana alkama nama mai romo mai kauri ba tare da fulawa ba.

Tukunyar ba wani abin mamaki ba ce. Kwano ne na tangaran mai nauyi, zaune cikin gidan ƙarfe mai wayar zafi, da murfin gilashi. A nan Amurka kowa Crock-Pot yake ce mata, sunan da kamfanin Rival ya fito da ita kasuwa da shi a 1971. Maɓallinta yana da ƙaramar wuta da babbar wuta da ɗumi. Ƙaramar da babbar duk wuri ɗaya suke kai ruwa, wato dab da tafasa, saurin isa ne kawai ya bambanta su. Ba ta da cin wuta, wat 200 zuwa 300 ne, girkin awa takwas wajen yunit biyu zai ci a mitarku. Mai lita biyar da rabi zuwa shida ita ce daidai da gida irin naku.

Sai dai kada ki bari kowa ya sako miki ta Amurka a durom haka nan. Wutar nan bolt 120 ce, ta Gana 230. Kina jona ta a bango ta ƙone. Dole sai da taransifoma mai rage wuta, aƙalla mai wat 500, ga nauyi ga ƙarin kuɗi, ga shi tangaran ɗin yakan fashe kafin kaya su fito daga tashar jirgin ruwa ta Tema. Ta Ingila ce tafi dacewa da ku, domin ƙarfin wutarsu ɗaya da naku, filogin ma mai ƙafa uku ne irin na bangonku. In kin samu a kantunan Adum, ki juya gindinta ki duba, ki ga an rubuta 220 zuwa 240.

Babbar matsala ita ce dumsor, wato yawan ɗaukewar wutar lantarki a Gana. Mutanen nan suna fita aiki su bar ta a kunne saboda sun san wuta ba za ta ɗauke ba. Nama idan ya zauna tsakanin digiri 5 da 60 fiye da awa biyu, ƙwayoyin cuta sun samu gida, kuma sake tafasawa ba ya kashe dafin da wasunsu suka riga suka bari. Mai lambobi a fuska, wuta na ɗaukewa ta manta lissafinta, ko ta dawo ba za ta ci gaba ba. Mai maɓallin murɗawa tana ci gaba da kanta, amma ita ma ba za ta gaya miki awa nawa ta yi a kashe ba. Don haka a Kumasi ba tukunyar fita unguwa ba ce. A kunna ta ranar da akwai mutum a gida, kurfoti da gawayi na kusa, wuta na ɗaukewa a juye cikin tukunyar ƙarfe a ƙarasa.

Nama kuwa, nan ne bambancin ya fi yawa. Shanun Amurka akasari ƙanana ake yanka su, bayan an yi watanni ana ɗura musu masara, sai kitse ya ratsa cikin tsoka zane-zane. Da wannan kitsen gwamnati take ba nama daraja, Prime da Choice da Select. Kuma ba a sayar da shi ranar yanka, sai ya kwana da yawa a sanyi ya saki jiki. Mahautan halal na nan da injin suke yanka, kowane sashe da sunansa da farashinsa a kan fam, fam ɗaya giram 454. Wanda ake saya don wannan girki suna kiransa chuck, naman da ke tsakanin wuya da kafaɗa.

Shanun da ake saukewa a mayankar Kaase daga arewa da Burkina da Mali sun sha tafiya, ciyawa suka ci, sun manyanta. Namansu ja ne wur, kitsensa a gefe yake, ga jijiya. A ganina ya fi na nan ɗanɗano nesa ba kusa ba, romon na nan salam yake idan ba a cika masa kayan ƙamshi ba. Kuma jijiyar da ake ƙorafi a kanta ita ce ribar wannan girki. Idan zafi ya daɗe a kanta sama da digiri 70 sai ta narke ta zama danƙo, shi ne yake sa nama laushi, romo ya riƙa kama leɓe. Tsokar cinya zalla, wadda mahauci yake miƙo wa mai kuɗi, ita ce mafi muni a nan: ba ta da abin narkewa, za ta bushe ta zama zare-zare ko da a cikin ruwa take. Ki ce wa mahaucinki ya yanko miki kafaɗa ko wuya ko ƙirji, dunƙule guda, kilo ɗaya da rabi, kada ya sara da adda, don ɓarɓashin ƙashi yana ɓata romo. In an samu ɗan tozo a haɗa, ya maye gurbin kitsen da naman bai da shi. Naman da aka yanka da asuba yana sandarewa cikin yinin, ki bar shi a firiji kwana ɗaya ko biyu kafin ki dafa.

Ga yadda ake yi. Ki tsane naman da tsumma mai tsabta, ki shafe shi da gishiri cokalin shayi biyu da masoro rabin cokali. Ki ɗora kasko ya yi zafi sosai, mai babban cokali biyu, ki sa naman ki ƙyale shi minti uku zuwa huɗu kowane gefe har ya yi ja-ja mai duhu. Mutanen nan sukan barbaɗa masa fulawa kafin suya. Ba a buƙata, nama busasshe da kasko mai zafi sun isa. Ki cire shi, a cikin man ki soya albasa biyu manya, tafarnuwa ƙwaya biyar, ɗanyar citta kamar babban yatsa, da tumatirin gwangwani babban cokali ɗaya. Ki zuba ruwa gwangwanin madara biyu, ki kankare abin da ya kama a gindin kasko, a nan daɗin yake. Karas da dankalin turawa a yanka su manya a shimfiɗa a ƙasa, domin sun fi nama jinkirin nuna a wannan tukunya, nama a kai, sai ruwan albasar. Kada tukunya ta gaza rabi, kada ta wuce kashi biyu cikin uku. Ƙaramar wuta, awa takwas ga naman nan, naku ki ba shi tara zuwa goma. Ya nuna idan kika soka cokali mai yatsu kika murɗa ya rabu ba gardama. Zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, ya ishi mutum shida.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ruwa. Hannunmu ya saba da tukunyar da ruwa ke ƙonewa, wannan kuwa tururi a murfi yake taruwa ya koma ciki, ga nama da albasa suna fitar da nasu. Ruwa ya tsaya a kashi ɗaya cikin uku na tsayin naman, in ya rufe shi farfesu kika yi. Na biyu buɗe murfi: kowane leƙe yana ƙara wajen minti ashirin. Idan an kai awa bakwai nama na da tauri, ba wucewa ya yi ba, bai kai ba ne, a rufe a ƙara masa. Kada a sa nama da ƙanƙararsa, zai daɗe a zafin da cuta ke so. Kada a sa kanwa ko ɗanyen gwanda, tsawon lokacin zai mayar da shi dagwargwaje. Doya kuma a dafa ta daban. Wani abu da ba a cika faɗa ba: jan wake manya irin na ƙasashen waje yana da guba wadda sai tafasa mai ƙarfi ta minti goma take kashewa, ba a zuba shi ɗanye a wannan tukunya.

A kan kurfoti ma yana yiwuwa, da tukunya mai kauri da murfi mai kamawa. A rage gawayi a rufe shi da toka yadda ruwan zai riƙa motsi kaɗan-kaɗan, awa uku da rabi zuwa huɗu, ana dubawa duk rabin awa ana ƙara ruwan zafi.

Yanzu maganar yarinya. Gulutin sinadari ne da ke cikin alkama da sha'ir da wani hatsi na Turai mai suna rai. Ga mai cutar siliyak, wato wanda jikinsa ba ya jure gulutin, ko ɗan kaɗan yana lalata bangon hanji. Abin da Amurka ta fi mu da shi takarda ce: tun 2014 ba a yarda a rubuta "gluten-free" a jikin kaya ba sai gulutin ɗin bai kai kashi 20 cikin miliyan ba. Amma dokarsu alkama kawai ta tilasta a bayyana ƙarara, ban da sha'ir, don haka ana karantawa a nemi kalmar "malt" ko "barley". A nan burodin da ba alkama tsada gare shi, ga shi yana marmashewa. Ku kuwa abincinku na kullum ba ruwansa da alkama: tuwon zafi, fufu, banku, dokunu, waakye (shinkafa da wake), koko, gero, dawa, acca. Abin lura su ne taliyar da ake ɗora wa waakye, burodi, ƙosan da aka ƙara wa fulawa, Semovita, kuskus ɗin kanti, da lemon malta. Sai injin niƙa na unguwa, ki tambaya ko ana niƙa alkama a cikinsa. A cikin wannan girki wurin da alkama ke ɓuya shi ne miyar waken soya ta kwalba (soy sauce), garin kaurin romo na fakiti, da wasu dunƙulen ɗanɗano. Ki karanta bayan kwali, in ba rubutu ki bar shi, daddawa ta isa. Yajin tsire na kasuwa ma ba ki san me aka ƙara masa don auki ba, gara ki daka naki da ƙuli-ƙuli. Cutar tana bin jini, yana da kyau a gwada 'yan uwanta, kuma a yi gwajin tun suna cin alkama, in an daina sakamakon yakan fito ba daidai ba.

Kaurin romo abu ne mai sauƙi. Ki cire nama ki rufe shi ya huta minti goma sha biyar. Ki tace romon cikin ƙaramar tukunya, ki kwashe man da ya taso. Ki dama sitacin masara babban cokali biyu da ruwan sanyi cokali uku, ki zuba a hankali kina juyawa, ya tafasa minti biyu. In kika zuba garin kai tsaye cikin zafi gudaji zai yi. Sitacin rogo ma yana yi, sai dai yana da yauƙi. Ko kuma ki murƙushe dankali biyu daga cikin tukunyar.

Kayan ƙamshi. A nan ana sayar da ɗanyen rozmari da tayim da fasili a 'yan ƙananan robobi kowane lokaci na shekara, abin sha'awa. Amma kimba da daddawa da prekese, wato ɗan itacen nan mai ƙamshi da ake sa wa miya a Gana, sai an je shagunan 'yan Afirka, da tsada, kuma sau da yawa sun kwana biyu ƙamshin ya tafi. Abin da kike saya da mudu a kasuwar Kejetia ya fi su rai. Ƙa'idar ita ce mai ganye mai tauri da mai itace su shiga tun farko, mai ganye mai laushi kamar ɗoɗɗoya da na'ana'a da fasili sai an sauke, in ba haka ba su yi baƙi, ƙamshin ya gudu. Cokalin shayi ɗaya na busasshe daidai yake da babban cokali ɗaya na ɗanye. Kuma tunda murfi a rufe yake awa tara, komai ƙarfinsa ƙaruwa yake yi, sai a rage hannu.

Ga naman sa kilo ɗaya da rabi: busasshen tayim cokalin shayi ɗaya, ganyen bei biyu, kanumfari biyu kacal, daddawa rabin babban cokali, kimba ɗaya. Kimbar a fasa ta a zubar da 'ya'yan, su ne masu ɗaci. Prekese a ɗan gasa gutsure kamar tsawon yatsa, a sa a awar ƙarshe, a cire kafin a ci, in ya kwana a ciki ya danne komai. Rozmari ni ban ga ya dace da naman sanmu ba sai kaɗan ƙwarai, wurinsa rago ne, tare da tafarnuwa, a gama da na'ana'a. Akuya, musamman bunsuru, tana son citta mai yawa da kimba da gyaɗar miya wadda aka gasa aka ɓare, su ne ke kashe ƙarni. Kaza da zabo ba sa ɗaukar daddawa da kanumfari da yawa, tayim da ɗoɗɗoya da lemun tsami sun wadatar, kuma ba sa kai awa takwas, kazar gona awa huɗu zuwa biyar ta nuna. Attaruhu guda a sa shi ɗungum ba a fasa ba in ana son ƙamshi ban da zafi. Idan kin ɗanɗana romo a ƙarshe kin ji ya yi nauyi a baki, ba gishiri yake nema ba, matsin rabin lemun tsami ko ɗan ruwan tsamiya ne zai tashe shi.

Abin da ya rage a juye shi a kwanuka marasa zurfi, a sa a firiji kafin awa biyu, a cinye cikin kwana uku. Ɗumame a kan wuta za a yi har ya tafasa, ba a cikin tukunyar lantarkin ba.

In kin samu mai tahowa, a aiko mini da kimba da gyaɗar miya da citta mai 'ya'ya, busassu, a leda mai rubutu, ya kuma bayyana su a filin jirgi. Kilishi kada a saka, kwastam ɗin nan ba sa barin nama ya shigo, har tara suke ci. Ki gaishe mini da Mma da sauran mutanen gida.

Ƙanwarki.